Dogon Hijaz da Mas'alar Sadakar da Ta Daina Gudana

Tun a makarantun zaure ake karantar da mu cewa ɗan Adam in ya kwanta dama littafin aikinsa yakan rufe, sai fa ta kafofi uku waɗanda Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, wato sadakar da amfaninta ke gudana, da ilmin da ake ƙaruwa da shi, da ɗa nagari mai yi wa mahaifinsa addu'a. Saboda kwaɗayin ta farkon nan ne masu hali ke haƙa rijiyoyi, suna gina masallatai, suna tsayar da gidaje da gonaki waƙafi, suna fatan ladan ya riƙa iske su a kabari bayan magada sun gama rabon abin da ya saura. Abin da ba safai masu wa'azi ke tsayawa a kansa ba shi ne cewa rijiya takan ƙafe, masallaci yakan rushe in garin ya tashi, gona kuma takan koma saura. To, ranar da guga ya sauka ya komo ba ɗigon ruwa, mene ne matsayin mai rijiyar, kuma wa za a tambaya? Mas'alar ta fi fitowa sarari in aka auna ta da waƙafi babba wanda tarihinsa ke rubuce, kuma ban san wanda ya fi dacewa da wannan awo ba kamar layin dogon da Turkawa suka shimfiɗa daga Dimashƙu zuwa Madina a farkon ƙarni na ashirin, wanda bai yi cikakkun shekaru goma yana ɗaukar alhazai ba ya tsaya.

Kafin zuwan dogon, ayarin Sham yakan yi kimanin kwana arba'in tsakanin Dimashƙu da Madina, a kan raƙuma, yana bin zango-zango inda sarakunan dā suka gina ƙananan ganuwoyi da tafkunan tara ruwan sama, kuma in aka iske tafki a bushe, ko rijiya ta gurɓata, to mutane da dabbobi sukan halaka a tsakanin zango da zango. Ban da ƙishirwa akwai Larabawan daji waɗanda hanyar ta ratsa ƙasarsu, su ne masu ba da hayar raƙuma, su ne 'yan rakiya, su ne kuma masu fashi a shekarar da gwamnatin Santambul ta yi jinkirin aiko musu da kuɗin da aka saba ba su don su bar ayari ya wuce lafiya. A kan wannan hali ne Sultan Abdulhamid na Biyu ya ba da umurni a shekarar 1900, aka fara aiki ranar 1 ga Satumba, wadda ta dace da bikin shekara ashirin da biyar na hawansa gadon sarauta, kuma babban mai tsaya wa aikin a fada shi ne sakatarensa Izzat Basha, mutumin Dimashƙu.

Ba zai yiwu a ce niyyar Sultan ta hajji ce tsantsa ba, kuma shi ma bai ɓoye wa makusantansa haka ba. Daularsa ta tsufa, bashin Turawa ya yi mata katutu, mashigin Suwez da jiragen ruwansa ke bi zuwa Jidda da Yaman yana hannun Ingilishi, saboda haka hanyar ƙarfe da za ta kai soja Hijaz cikin 'yan kwanaki, nesa da bakin bindigogin jiragen ruwa, abu ne da duk mai mulki zai so. Amma ya yi wani abu da ya bambanta wannan dogo da sauran na daularsa, waɗanda kamfanonin Faransa da Jamus da Ingila suka gina don riba, domin ya ƙi cin bashin waje a kansa, ya kira Musulmin duniya su gina shi da dukiyarsu. Shi ya buɗe asusun da lira dubu hamsin, sarkin Iran da Kidewin Masar suka ba da nasu, wani ɗan jarida a Lahor mai suna Muhammad Insha'Allah ya yi ta kira a jaridarsa har Musulmin Indiya suka yi ta aiko da taro da sisi, aka buga lambobin girma ana ba masu bayarwa gwargwadon abin da suka bayar. Duk da haka gudummawar ba ta kai rabin abin da aka kashe ba, sauran ya fito ne daga wani kan sarki da aka wajabta liƙawa a takardun hukuma, da yankan albashin ma'aikata, da kuɗin fatun layya da aka riƙa tarawa ana sayarwa. Wannan cakuɗa ta baiko da tilas tana da muhimmanci ga mas'alarmu, kuma za mu komo gare ta.

Babban injiniyan aikin Bajamushe ne, Meissner, wanda Sultan ya ba sarautar Basha, leburorin kuwa akasarinsu sojojin daular ne, dubbai, waɗanda aka rage musu wa'adin aikin soja saboda wahalar da suke sha. Dogon ya isa Amman a 1903, Ma'an a 1904, aka fitar da reshe daga Dar'a zuwa bakin teku a Haifa a 1905 don shigo da ƙarafa da kwal, sannan Tabuka a 1906, da Ula a 1907. Daga Ula zuwa kudu ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya wuce, sai injiniyoyi Musulmi suka ƙarasa, aka yi bikin isarsa Madina ranar 1 ga Satumba 1908, bayan an shimfiɗa wajen kilomita 1,300. Wanda ya dubi yadda aka gina tasoshin kudu zai gane irin ƙasar da aka ratsa: ɗakuna ne na dutse masu kaurin bango, da tsakar gida a ciki, da 'yan tagogi ƙanana daidai bakin bindiga, ko wace tasha da 'yan sojanta, an jera su kusa da juna yadda mai sintiri zai iya zuwa ya komo. A wurare da yawa ƙarfe aka shimfiɗa ƙarƙashin dogon maimakon katako, domin katako a wannan hamada abinci ne ga rana, makamashi ne kuma ga mai neman itacen dafa gahawa. Ruwa shi ne babbar matsala, tun da injin tururi ya fi raƙumi sha nesa ba kusa ba, har ya zama akwai tasoshin da ba su da ko rijiya, sai jirgi ya jawo musu ruwa a taragun tanki. Ga yashi mai binne dogo cikin dare ɗaya, ga kwaruruka da ke bushe shekara da shekaru sannan ambaliya ta zo rana ɗaya ta tafi da gada.

Da jirgi ya fara aiki, tafiyar kwana arba'in ta koma ta 'yan kwanaki da ba su cika mako ba, kuɗin hanya ya faɗi, tsofaffi da mata waɗanda dā ba su ko mafarkin ziyara suka sauka a tashar Anbariyya ta Madina suna hangen Koriyar Ƙubba, Madina kuma ta cika da baƙi da 'yan kasuwa. Akwai masu ganin cewa sauƙin nan ya rage lada, suna kafa hujja da abin da aka faɗa wa Nana A'isha game da umrarta, cewa ladanta gwargwadon wahalarta ne ko abin da ta kashe. Amma malaman usulu, irin su Shaɗibi, sun warware wannan tun tuni, cewa ana ba bawa lada a kan wahalar da ibada ta zo da ita, ba a umurce shi ya je neman wahalar da kansa ba, kuma an san labarin dattijon da ya yi bakancen zuwa Ka'aba a ƙasa, yana tafe yana dogara da 'ya'yansa biyu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya hau abin hawa. Mutanenmu kuwa ba su cikin waɗanda dogon ya fi amfana, domin su ta gabas suke ɓullowa, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, a ƙasa, suna noma da ƙodago a hanya shekara da shekaru, bisa fatawar mazhabarmu cewa mai ƙarfin tafiya da sana'ar ci da kai ya sami iko ko ba shi da raƙumi; sai dai in sun iso Madina daga Makka su tarar da tashar da hayaƙinta.

Nufin farko shi ne dogon ya kai Makka, amma bai taɓa wuce Madina ba. Ƙabilar Harb, waɗanda abincinsu ke kan hayar raƙuma tsakanin biranen nan biyu, sun tashi tsaye da makami, Sharif Husaini da aka naɗa a Makka a 1908 ya gane cewa ranar da jirgi ya tsaya a ƙofarsa sarautarsa ta zama suna kawai, shi kuma Abdulhamid an tuɓe shi a 1909. Ya kamata mai adalci ya tsaya a nan kaɗan, domin alherin da ya sauƙaƙa wa mahajjacin Sham shi ne ya karya tukunyar mai raƙumi, kuma ban ga yadda za a kira mutumin da aka ɗauke wa sana'ar kakanninsa ba tare da an ba shi madadi ba maƙiyin addini don kawai ya ƙi abin da aka kawo. Ba safai ake samun alherin da ya game kowa a lokaci ɗaya ba, ko da an rubuta sunan Allah a kansa.

Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, dogon ya koma abin da Sultan ya tanade shi dominsa a ɓoye. A watan Yuni 1916 Sharif Husaini ya yi wa Turkawa tawaye da taimakon Ingilishi, 'ya'yansa da hafsoshin Ingila da Faransa, waɗanda Lawrence ya fi su suna ko da yake ba shi kaɗai ba ne, suka yi ta dasa nakiyoyi, suna tayar da gadoji, suna kifar da injuna, Turkawa suna gyarawa, ana sake fasawa. Da kwal ya yanke aka koma ƙona itace, har aka fitar da wani ɗan reshe zuwa dazuzzukan Shaubak don sarar bishiyoyi. Fahri Basha, kwamandan Madina, ya yi amfani da taragun da aka saya da kuɗin fatun layya ya kwashe yawancin mutanen birnin zuwa Sham saboda yunwa da tsaro, da yawansu ba su komo ba, a cikinsu kuma ya aika da kayayyakin tarihi na Hujra mai daraja, wato ɗakin da kabarin Manzon Allah yake, zuwa Santambul. Shi kansa ya ƙi miƙa wuya har Janairun 1919, watanni bayan daularsa ta ajiye makami. Musulmi ne a cikin jirgin, Musulmi ne a kan tudu suna jiran ƙarar nakiya. Bayan yaƙi an yi ɗan faci, jirage kaɗan suka lallaɓa suka isa Madina a farkon shekarun 1920, daga nan yankin kudu ya yi shiru.

Turkawa sun riga sun mayar da dogon ƙarƙashin ma'aikatar waƙafi kafin yaƙi, kuma a taron Lozan na 1923 Faransa da Ingila, waɗanda suka raba Sham da Falasɗinu da Urdun a tsakaninsu, sun amsa da baki cewa yana da matsayi na addini, suka yi alkawarin majalisar shawara ta Musulmi a Madina, wadda ba ta taɓa zama ba. Taron Musulmi na Ƙudus a 1931 ya nemi a maido da shi hannun al'umma, ba a saurara ba. An fasa gadar Yarmuk a 1946, reshen Haifa ya yanke. A shekarun 1960 Siriya da Urdun da Saudiyya suka haɗu suka ba da kwangilar farfaɗo da shi, aka fara aiki, yaƙin 1967 ya zo aka watse. A lokacin ma mota da jirgin sama sun riga sun ɗauke alhazan.

To, mai fatar layya fa? Abin da na fahimta daga maganganun malamai shi ne a raba lada biyu. Akwai ladan bayarwa, wanda ke tabbata a sa'ar da abin ya bar hannu da kyakkyawar niyya, kuma wannan ba nakiyar da ke isa gare shi, domin ba a ɗora wa bawa lamunin abin da zai faru bayansa ba. Shi ya sa aka kwaɗaitar, a ruwayar Imamu Ahmad, cewa ko Alƙiyama ce ke tsayawa, mai dashen dabino a hannu ya dasa shi in ya sami iko, alhali ba mai cin 'ya'yansa. Akwai kuma ladan gudana, wanda zahirin hadisi ya rataya shi ga wanzuwar amfani, kuma gaskiya ita ce abin da aka rataya ga sharaɗi yakan tsaya in sharaɗin ya tafi. Ba na son in yi wa mai karatu daɗin baki a nan. Iyakar abin da za a ce, akwai ƙofar fata mai faɗi, domin ya inganta cewa marar lafiya da matafiyi ana rubuta musu abin da suka saba yi suna lafiya a gida, kuma a kan hanyar komowa daga Tabuka, wannan hanya da dogon ya bi bayan ƙarni goma sha uku, aka gaya wa sahabbai cewa akwai mutane a Madina da uzuri ya tsare, amma suna tare da su a lada a kowane kwari da suka ratsa. Wanda ya yi nufin sadakarsa ta gudana har abada, wani ya zo ya datse ta da zalunci, ya fi kama da waɗannan masu uzuri. Amma wannan ƙiyasi ne da kyautata zato ga Mai karimci, ba nassi ba ne, Allah kuwa Shi ne Masani. Shi kuwa akawun da aka yanki albashinsa yana ƙunƙuni, hukuncinsa na wurin abin da zuciyarsa ta ƙulla daga baya, in ya yafe ya nemi lada ya shiga cikin masu bayarwa, in bai yafe ba yana bin wanda ya yanka bashi.

Wani zai ce rushewar abin alama ce ta rashin karɓa, tun da niyyar mai mulki ta gauraya da siyasa. Wannan magana ce mai haɗari, kuma dogon da kansa ya ratsa wurin da ke warware ta. A Mada'in Salih, wato Hijr, inda aka hana sahabbai shan ruwan rijiyoyin mutanen da aka halaka, aka umurce su su wuce suna masu kuka, Turkawa sun gina babbar tasha da rumfar gyaran injuna, ga ta nan har yau kusa da duwatsun da aka sassaƙa. Kufai biyu ne a fili ɗaya, amma na farko wahayi ne ya gaya mana dalilinsa, na biyu kuwa ba wanda aka saukar wa komai a kansa, kuma wanda ya karanta fushin Allah a jikin kowane bango da ya faɗi ya ɗora wa kansa ilmin gaibu. Tafkunan da Zubaida matar Haruna Rashid ta gina a hanyar Kufa zuwa Makka sun yi zamani sun bushe, rijiyar Ruma da Sayyidina Usmanu ya saya a Madina kuwa har yanzu gonar dabinonta na ba da amfani, ba kuwa mai hankalin da zai auna ikhlasin mutanen nan biyu da tsawon ran gininsu.

Abin da ya fi damuna shi ne mun fi son tambayar makomar matattu, domin ba ta cin mana komai, alhali fiƙihu ya fi yawan magana a kan rayayyu. Malaman Hanafiyya, waɗanda a mazhabarsu aka tsayar da wannan waƙafi, sun saɓa a kan masallacin da jama'arsa ta watse: Abu Yusuf ya ce masallaci ne har abada, Muhammad Shaibani ya ce ya koma ga mai shi ko magadansa. Hanbalawa suka ce in amfanin waƙafi ya yanke a sayar a sa kuɗin a irinsa, suna kafa hujja da yadda Sayyidina Umar ya sa aka ɗauke masallacin Kufa daga wurinsa, tsohon filin ya zama kasuwar masu dabino. Mu kuwa abin da muka karanta a Risala shi ne ba a sayar da hubusi, wato waƙafi, na ƙasa da gini ko ya zama kango, amma dokin hubusi in ya lalace a sayar a sa kuɗin a wani dokin, sannan malaman baya suka yi rangwame inda za a faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya ko maƙabarta. Layin dogo ya haɗa duka biyun, domin filayensa da tasoshinsa ƙasa ce da gini, injuna da taragu kuwa dawakai ne na ƙarfe. Duk inda mutum ya tsaya cikin waɗannan maganganu, ba malami ɗaya da ya ce waƙafin da ya lalace ya zama ganimar gwamnatin da ta tsince shi cikin iyakarta, ko kuwa a bar shi ga masu kwasar ƙarfe.

Dogon Hijaz kuwa ba matalaucin waƙafi ba ne. An tsayar masa da filaye da gine-gine a tsakiyar Dimashƙu da Haifa da Amman da wasu garuruwa don su riƙa ciyar da shi, waɗansu suna kawo haya har yanzu, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ganina maganar Hanbalawa ita ta fi kusa da nufin waɗanda suka ba da kuɗin, domin ba ƙarfe mai faɗin mita ɗaya da 'yan kai suka yi wa waƙafi ba, nufinsu shi ne talaka ya isa Madina cikin sauƙi da aminci, kuma wannan buƙata ba ta mutu ba, sai ma ƙaruwa da ta yi yanzu da kujerar hajji ta fi ƙarfin malamin makaranta. An mai da tashar Anbariyya da ta Tabuka gidajen tarihi, Urdun na ɗan jan tsofaffin taragu daga Amman don masu yawon buɗe ido, tun 2018 kuma wani sabon jirgi mai gudun gaske na zirga-zirga tsakanin Makka da Madina, a yankin da tsohon bai taɓa kaiwa ba, da kuɗin gwamnati da tikitin kasuwa. Duk wannan ba laifi, amma ba ɗaya daga ciki da ya sauke sharaɗin mai waƙafi. Abin da shari'a ke nema ga masu riƙe da dukiyar, a Dimashƙu ne ko Amman ko Riyad, shi ne su ƙididdige abin da ya saura, su bayyana abin da yake kawowa a shekara, su sa shi a jigilar mahajjatan da ba su da hali, ko a kan dogo ko a kan wani abin hawa, har ranar da ƙasashen za su iya zama wuri ɗaya su yanke shawara a kan ƙarfen da ke kwance tsakanin Ma'an da Madina.